Yadda Muka Sallami Golanmu

A kulob ɗinmu na ƙwallo ba mu taɓa sallamar kowa ba kafin Gola. Ba don mun fi sauran mutane kirki ba ne, Jidda ce ba ta taɓa barin abin ya kai ga haka ba. Kafin ƙafar mutum ta tsufa, ko an kama shi ba iƙama, wato takardar izinin zama, an sa shi a jirgi, ko kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ɗauke shi zuwa wani gari, ko ya tara ɗan abin da Allah ya ba shi ya koma gida ya yi aure. Kullum garin ne yake yanke hukunci, mu namu rakiya da addu'a. Shi ya sa da ranar ta zo da za mu ce wa mutum da bakinmu ya isa haka, sai muka rasa ta inda ake farawa, mu duka, har masu furfurar cikinmu.

Na sauka Jidda a farkon shekarun tamanin. Umara na zo na zarce, kamar yadda da yawa suka yi kafin ni. Na samu wani shago a unguwar Sharafiyya ina koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda a can kowa ke kira mukayyif, ina kwana a bayan shagon tsakanin matattun injuna. Wata Juma'a bayan la'asar wani ɗan garinmu ya ga kaɗaici na nema ya yi min illa, ya ja ni filin ƙwallo. Fili ne kawai na Allah a gefen Ammariyya, bayan wasu tsofaffin gidaje, ba ciyawa ba katanga, ƙasarsa fara fat saboda gishiri. Duk wanda ya faɗi a kanta sai ya bar mata fatar gwiwarsa.

A nan na fara ganinsa, tsaye a bakin raga. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, kafinta, tafin hannunsa duk kanta. Kowa Gola yake ce masa, yaro da babba, har na yi shekaru ban san sunansa na yanka ba. Ni kuwa Yaya nake ce masa, don ya girme ni nesa ba kusa ba. Bai tambaye ni ko na iya ƙwallo ba. Cewa ya yi, "Ka ci abinci yau? A ina kake kwana?" Da na ba shi amsa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan jikin naka ba na gaba ba ne. Koma baya ka tsaya a gabana." A gabansa na tsaya shekara goma sha wani abu.

Shi ya kafa kulob ɗin. Shi ya sassaƙa turakun raga da hannunsa, a rufin shagonsa ake shanya rigunanmu. Dokokinsa ba su da yawa, kuma ba a rubuce suke ba. Bayan wasa, ko mun ci ko an ci mu, a faranti ɗaya ake cin abinci, wanda ya yi fushi ya tafi bai sa hannu ba, mako mai zuwa benci zai zauna ko da shi ya fi kowa iyawa. Ɗan kulob ya kwanta ciwo, a je a duba shi. An kama ɗan kulob, a haɗa kayansa a ba alhazai masu komawa su kai wa iyalinsa. Na taɓa ganin Gola ya rufe shago ranar aiki, yana yawo cikin rana yana nema wa wani sabon zuwa aikin dako, mutumin da ko sau biyu bai buga mana ba.

Iyalinsa kuwa tun da daɗewa ya mayar da su gida saboda karatun yara, ya zauna shi kaɗai a ɗakin da ke saman shagon. Duk tsawon mako shi kaɗai yake cin abinci, sai ranar Juma'a yake sa hannu tare da mutane. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kan haka ba, amma na sani, don nakan biya ta wurinsa idan aiki ya kai ni Ammariyya.

Shekaru suka ja, kulob ya canza fuska. 'Ya'yan Hausawan da aka haifa a Jidda, jikokin waɗanda suka zo hajji a ƙafa tun zamanin da, suka taso suka cika filin. Suna jin Hausa sarai, amma idan suka buɗe baki rabin maganar Larabci ne. Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, sun fi mu iya ƙwallo. Mu ƙarfi muka sani da gudu, sai kuma a narka ta gaba a bar wa Allah sauran. Su kuwa a hankali suke taɓa ta, su miƙa wa juna, su bar ka kana haki kamar wanda kare ya koro. Cikinsu har da wanda ya zama kaftin ɗinmu, ɗan gaba siriri mai ƙafar hagu, wanda tun yana ƙarami yake tsayawa bayan ragar Gola yana ɗauko ƙwallon da ta wuce. Gola ne ya fara sa masa rigar kulob. Ammi yake ce masa, wato baffa, kuma har ya yi gemu ba ya iya haɗa ido da shi.

Gwiwoyin Gola ne suka fara cin amanarsa. Ƙwallon sama har lokacin ba ta wuce shi, amma duk wadda ta zo ƙasa-ƙasa, kafin ya gama shawara da gwiwarsa ta shige. Sauran ƙungiyoyi suka gane, suka daina wahalar da kansu da bugun sama. Shi kuwa bai taɓa yarda laifinsa ba ne. Da an zura sai ya fito yana nuna ni da safar hannu: "Kai, ina ka tafi? Ka buɗe min ƙofa ka tafi gyaran mukayyif?" Ni ma ba kanwar lasa ba ne, sai in mayar masa: "Haba Yaya, wannan ƙwallon ko tsohuwa ce a ragar ai ta tare ta da zani!" Mu yi ta yi har alƙalin wasa ya raba mu, anjima kuma ka gan mu kafaɗa da kafaɗa a bakin faranti, yana turo min nama gabana.

Abin ya kai maƙura ranar da wata ƙungiyar Sudanawa ta yi mana ruwan ƙwallaye, duk ta ƙasa. Ranar an ci abinci shiru, ba ka jin komai sai ƙarar faranti. Muna da gola na biyu, wani dogo haifaffen Jidda mai aiki a babban kanti a Safa, ya yi shekaru yana ɗumama benci bai taɓa ɗaga murya ba. Cikin makon sai ga labari, wata ƙungiya a can Safa ta neme shi, kuma ya ce zai yi tunani.

Aka kira taro a gidan Shugaba. Shi Shugaba sa'an Gola ne, tare suka shigo ƙasar, amma shi Allah ya buɗa masa, yana da shagon atamfa da turare, ya koma Safa, ya yi mota. Shi ke sayen riguna da ƙwallaye, shi ya sa muke ce masa Shugaba, ko da yake rabonsa da taɓa ƙwallo tun kafin tumbinsa ya fito. Da na shiga falon na duba ban ga Gola ba, na san abin da aka tara mu a kai. Ban jira an gama zuba shayi ba.

"Kulob ne wannan ko kamfani?" na ce. "Mutumin da ya haƙa rijiya shi za ku hana wa guga?"

Kaftin ya sunkuyar da kai. "Ya ammi, wallahi ba kora ba ce. Mu ma ubanmu ne. Bas, amma kai ka fi kowa sani, kai ne a gabansa."

Nan ya ɗaure ni da jijiyoyin jikina. Na sani kuwa. Ni nake jin numfashinsa a bayana, ni nake ganin yadda yake dafa turke kafin ya miƙe. Na shiga juya kofin shayi a hannu.

Sai Kaftin ya kawo shawararsu. Ya ce a ƙasar nan idan babban ɗan wasa zai ajiye takalmi, ba a barinsa ya sulale kamar marar gata. Biki ake yi masa, i'itizal suke ce masa. A tara jama'a, a buga wasa dominsa, a bar shi ya yi bajintarsa ta ƙarshe, sannan a tsayar da wasa a ɗauke shi a kafaɗa a zagaya fili, a ba shi kyauta. Idon samarin duk ya yi haske. A talabijin suka sha gani, kuma da zuciya ɗaya suke son su yi wa Ammi irin na manya.

Ni abin bai kwanta min ba. A garinmu ba a ɗaukar namiji a kafaɗa sai ranar da ba zai dawo ba. Kuma na san halin mutumina. Akwai wani mai sayar da katako a kusa da shagonsa da ya taɓa gaya masa magana ɗaya marar daɗi a gaban mutane. Gola bai ce masa uffan ba, amma daga ranar bai ƙara taka ƙofarsa ba, ya gwammace ya yi tafiya mai nisa ya sayo katako a wani wuri, shekara da shekaru. Abin da nake tsoro ke nan. Idan ya ji an wulaƙanta shi, ba raga kaɗai zai bari ba. Filin zai bari, da farantin Juma'a, ya koma ɗakinsa na saman shago, mu rasa shi yana da rai.

Na gaya musu haka. Na ce ku yi bikinku, amma da sharaɗi ɗaya, a fara zuwa a gaya masa, baki da baki, ya amince da kansa. Shugaba ya gyara zama ya daki ƙirji. "Wannan ku bar min. Ni da shi ba ta baki. Gobe-goben nan zan je."

Aka shiga shiri. Wannan ya ɗauki nauyin rumfa, wancan kujeru, wani ɗan kulob mai sana'ar tsire ya ce nama a wuyansa. Duk wanda ya haɗu da Gola a hanya sai ya gaishe shi da ladabi fiye da kullum, ya wuce da sauri, don ba wanda yake son ya fama wa babba ciwo. Shi kuma bai ce wa kowa komai ba, mu kuwa muka ɗauka haƙuri ne irin na manya. Ni kaina na biya ta shagonsa a tsakiyar mako, na same shi zaune a bakin ƙofa da allura da zare yana ɗinke safar hannunsa. Na ce a raina, bawan Allah, yana shirin wasan ƙarshe. Muka sha shayi, muka yi hirar zafin gari da tsadar katako, na tashi na tafi ina yaba masa a zuci.

Ranar Juma'a filin ya zama wani abu dabam. An kafa rumfa, an shimfiɗa dardumai, an jera kujeru, hayaƙin tsire ya tashi har bakin titi. A tsakiyar rumfar an ajiye wata ƙatuwar kujera mai hannu ruwan zinare, irin wadda ake haya a gidan biki, ita ce ta Gola. Mutane sun zo daga Sharafiyya da Safa, har Sudanawan da suka yi mana ruwan ƙwallaye sun zo da fararen rawunansu. A bakin fili an kafa wani babban allo, an manna hotonsa na shekarun baya, ya tashi sama ya cafke ƙwallo, a ƙasa an rubuta godiya da ban kwana da Larabci.

Ina ɗaure takalmi na hango shi yana tahowa a ƙafa, jakarsa a kafaɗa kamar kullum. Ya tsaya yana kallon rumfar, ya hango ni, ya yi dariya.

"Kai, wa ya yi aure a kulob ɗin nan ba a gaya min ba?"

Nan take na gane bai san komai ba. Na miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa na nufi Shugaba, wanda yake ta kai da kawo cikin farar jallabiya yana ba da umarni. Na ja shi bayan rumfa.

"Alhaji, ba ka gaya masa ba?"

"Na je mana. Har sau biyu."

"Ka ce masa me?"

"Na yi masa hannunka mai sanda. Na ce masa, ɗan'uwa, girma ya zo mana, gwiwa ta fara ƙi, lokaci ya yi da za mu bar wa yara. Ai mai hankali ne."

"Shi kuma ya ce me?"

Shugaba ya sosa ƙeya. "Ya ba ni man zafi. Ya ce in riƙa shafawa safe da yamma, in rage cin shinkafa."

Wallahi na ji kamar in shaƙe shi da carbinsa. Ga mutum da gemu da jikoki, ya iya ciniki da Balarabe da Ba'indiye, amma ya kasa gaya wa abokinsa magana ɗaya. Sai dai faɗa ba zai gyara komai ba a lokacin, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na bar shi nan na koma da gudu.

Na tarar da Gola tsaye a gaban allon. Karatun boko bai yi nisa a ciki ba, amma Larabci ba ya gagararsa. Ya daɗe yana kallo, hannunsa ɗaya riƙe da igiyar jaka. Mutanen da ke kusa duk suka yi kamar suna da wani aiki.

"Yaya," na ce.

Ya ɗaga min hannu, bai juyo ba. Can ya ce, "Ina rigata?"

Aka miƙo masa. Ya zauna a ƙasa ya naɗe gwiwoyinsa da bandeji a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya sa safar da ya ɗinke, ya ajiye jakarsa can gefen hanya, ya shiga raga. Bai gaisa da Shugaba ba, bai dubi rumfar ba.

Wasan da aka tsara tsakaninmu ne, tsofaffin kulob a gefe ɗaya da Gola a raga, samari a ɗaya gefen da Kaftin a gaba. Aka busa usur. Ba a jima ba na gane abin da suka shirya. Samarin nan da suka saba wuce ni kamar ba na wurin, sai su zo bakin raga su buga wata lallausar ƙwallo daidai ƙirjin Gola. Ya kama, jama'a su tafa. Wani saurayi ya samo lasifika yana ta kwarara masa kirari da Larabci, ko wace ƙwallo ya taɓa sai ka ce ya tare harsashi. Su a wurinsu girmamawa ce, haka suka ga ana yi, kuma ban ga mugunta a fuskar ko ɗayansu ba.

Ni da nake kusa da shi na ga abin da ba su gani ba. Duk ƙwallon da ya kama, fuskarsa ƙara ɗaurewa take. Ya daina jefa ta da ƙarfi, sai dai ya gangaro ta kawai. Da gangan na bar wani ya wuce ni, ko zai yi min tsawar da ya saba. Ko kallona bai yi ba. A nan tsoro ya kama ni sosai, na fara lissafin yadda zan riƙa kai masa abinci ranar Juma'a idan ya yarda ya buɗe min ƙofa.

Rana ta yi sanyi, iskar teku ta fara kaɗawa, sai alƙali ya busa usur ya nuna tabon fenariti, ya nuna ni. Ni kuwa ina tsaye ni kaɗai, ba kowa kusa da ni.

"Ni? Wa na taɓa? Iska?"

Ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ma'alesh, yi haƙuri, ya ammi. Cikin tsarin ne. Zai kama, sai a ɗauke shi."

Kaftin ya ajiye ƙwallo, ya ja baya kaɗan, ya taho ya taɓa ta da gefen ƙafa. Ta gangaro a hankali, tsakiyar raga, ko jariri mai rarrafe zai riga ta. Gola ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ɗora ƙafa ya taka ta. Jama'a suka ɗauki tafi, mai lasifika ya ɓarke da ihu, samari suka taso a guje za su ɗauke shi. Ya ɗaga hannu ɗaya, suka tsaya cak.

Ya ɗauki ƙwallon, ya tako har tabon fenariti yana ɗan ɗingishi, ya ajiye ta, ya gyara mata zama. Kowa ya zuba masa ido. Ina kusa, na ji duk abin da aka faɗa.

"Ɗana, ni na koya maka fenariti a filin nan. Haka na koya maka?"

"La, ya ammi."

"To sake."

"Ammi, wallahi ma agdar, ba zan iya ba. Yau ranarka ce."

"In ranata ce, ka ba ni abin da na roƙa. Tun da na iso filin nan ba wanda ya gaya min gaskiya. Bakinku ya kasa, to ƙafarka ta gaya min. Buga inda Sudanawa suke bugawa."

Ya juya ya koma raga. Ya tafa safar hannunsa, ya buɗe ƙafafu, ya duƙa gwargwadon yadda gwiwa ta bar shi. Kaftin ya waiwayo ya dube ni, idonsa ya cika da ƙwalla. Na gyaɗa masa kai. Ban san ko daidai na yi ba a lokacin, abin da na sani kawai shi ne ba a yi wa Gola gardama a cikin filinsa.

Yaron nan ya ja baya sosai, ya taho, ya sakar mata ƙafar hagu da duk ƙarfinsa, ƙasa-ƙasa, can kusurwa. Gola ya yi tsalle. Rabon da in ga ya miƙe jikinsa haka a iska an yi shekaru, ya ba da duk abin da ya rage masa, bai ɓoye komai ba. Kuma gefen da ta bi ya bi. Sai dai kafin hannunsa ya isa, raga ta riga ta motsa.

Ba wanda ya tafa. Mai lasifika ya sauke ta daga bakinsa. Gola yana kwance a kan farar ƙasar nan, ƙura na sauka a bayansa, ba mai ƙarfin halin zuwa ya ɗaga shi. Can ya dafa ƙasa, ya ɗaga gwiwa ɗaya, ya huta, ya ɗaga ɗayar. Gwiwar hannunsa ta goge tana jini. Ya shiga raga da kansa ya ɗauko ƙwallon, ya zo wurin Kaftin, wanda ya rufe fuska da rigarsa kafaɗunsa suna rawa. Ya dafa masa kai.

"Halas, shi ke nan, na ji. Allah ya yi maka albarka."

Ya cire safar hannun da haƙori, ya yafito dogon golan nan daga benci. Mutumin ya taho yana sunkuyar da kai kamar mai laifi. Gola ya miƙa masa safar. Ta yi masa kaɗan, amma ya tura hannunsa a haka.

Samari suka sake matsowa, wani har ya duƙa zai sa kafaɗa.

"Kul," Gola ya ce. "Ƙafata ce ta shigo da ni, ita za ta fitar da ni."

Suka dare, ya bi ta tsakiyarsu yana ɗingishi. Na tsaya ina bin sa da kallo. Shugaba ya miƙe a bakin rumfa, ya buɗe wata baƙar alkyabba mai bakin zinare da hannu biyu, yana nuna masa ƙatuwar kujerar. Gola ya wuce shi, ya wuce kujerar, ya nufi gefen hanya inda jakarsa take. Na ce a raina shi ke nan, mun rasa shi. Na ji haushin Shugaba, da samarin, da talabijin ɗin da ta koya musu wannan biki.

Ya sunkuya ya ɗauki jakar, ya rataya. Ya tsaya yana kallon hanyar Ammariyya, har wata mota ta wuce ta bar ƙura. Sannan ya juyo, ya biyo gefen fili a hankali, har ya iso bencin 'yan jira, wani dogon katako da ke cikin rana, ba rumfa ba darduma. Samarin da ke kai suka yunƙura za su miƙe.

"Ku zauna. Matsa min kawai za ku yi."

Suka matsa. Ya zauna a gurbin da dogon golan ya bari, ya ajiye jaka tsakanin ƙafafunsa, ya fara warware bandeji. Da ya ga har yanzu kowa na tsaye yana kallonsa, ya ɗago kai.

"Alƙali, me kake jira? Yalla, magariba ta kusa."

Aka busa usur. Na koma wurina a baya ina share ido da gefen riga, na juya wa benci baya don kada Gola ya gani.